Rumbun Kunnen Sarkin Faci

Da sunan Allah da ya shimfiɗa ƙasa ya tsaga mata hanyoyi, ya yi tudu ya yi gangare, ya ba matafiyi ƙafa ya ba mai zama kunne. Ni ce Tasalla 'yar Barmo, ta Unguwar Maƙera a birnin Zankaro, can ƙasar da wata biyu ke fitowa, babba da ƙanensa. Na keta ƙasashe bakwai a kan keke ni da maigidana, na sha ruwan rijiyoyin da ban san adadinsu ba, na faɗi sau goma sha ɗaya. Tara laifinsa ne, ɗaya laifin akuya, ɗayan kuma za mu zo kansa. Wanda ke da kunne ya ba ni aro, zan mayar masa kafin tuwo ya huce.

Maigidana mai gyaran keke ne. Duk Zankaro Sarkin Faci ake ce masa, ko da yake babu wanda ya naɗa shi sai bakin mutane. Sunansa na yanka kuwa kada ku jira shi daga gare ni. Shekara talatin da huɗu muka yi tare ban taɓa kama sunan ba, don kuwa haka uwata ta yi wa ubana, haka kakata ta yi wa nata mijin har ta koma ga Allah. Malam nake ce masa, ran da ya ɓata mini rai in ce "kai wannan". Ko takwaransa ne ya zo sayen ƙosai a wurina, sai dai in ce, "Mai sunan Malam, miƙo kwanonka."

Abin alfaharin Malam a sana'a kunnensa ne. Sauran masu faci sai sun tsoma robar cikin taya a ruwa kafin su ga inda iska ke fita, shi kuwa ya kai ta kusa da kunne, ya lumshe ido, ya ɗora yatsa a kan hujin. Ya sha yi musu dariya yana ce musu masu wankin roba. To, wata safiya na fito zan kai masa koko, sai na hango shi bayan rumfa ya ɓoye kwanon ruwa tsakanin ƙafafunsa, yana tsoma roba yana waige-waige kamar mai satar nama a tukunya. Na koma da kokon ciki. Daga nan na fara lura. Magana ta zama sai da ƙarfi yake yin ta, har maƙwabta suka san abin da ke cikin rumbunmu. A majalisa in an yi abin dariya sai kowa ya gama shi ya fara. Daga baya ma ya daina zuwa. Shekara talatin yana dukan ƙarfe, ƙarfe ya fara ramawa, ni kuma tsoro ya kama ni sosai.

Wasu fatake ne suka ba mu labarin Inna Marka ta Birnin Amo, tsohuwar da ta san kunne ciki da bai. Tafiyar wata uku ce yamma. Na ce mu aika a karɓo magani. Malam ya ce, da muryar da ta tashi kajin maƙwabta, "Tasalla, kin taɓa ganin an aika kunne? Zuwa da kai ya fi aike."

"To wa zai riƙa ji maka a hanya?"

"Me?"

"Shi ke nan," na ce, "ka ba ni amsa."

Ya tattara gawar kekuna bakwai ya haɗa mini guda ɗaya, ya koya mini hawa a tsakar gida. Nan na yi faɗuwar farko, a kan akuyar da ta ga ina tahowa ta ƙi kaucewa. Ranar tafiya ya ɗaure kayansa: faci, sholisho na manna faci, famfon iska, da ƙafar keke guda ta ko-ta-kwana. Ni na ɗaure tukunya, yaji, garin ƙuli-ƙuli, da matashin kaina na audugar rimi wanda ya kai ɗan maraƙi girma. Malam ya zagaya shi sau biyu ya ce ashe da kishiyar keke za mu tafi. Muka yi yarjejeniyar ƙararrawa: bugu ɗaya a rage gudu, biyu a tsaya, uku Tasalla na jin yunwa. Shi a gaba, ni a baya, kamar yadda aka san miji da mata.

Ba zan ba ku labarin duka ƙasashen ba, don wasu babu komai a cikinsu sai gero da gaisuwa. Amma Ƙasar Rinjaye ta cancanci a faɗe ta. Kwana uku muna hawan tudu a cikinta tun asuba, don Malam mutum ne mai sammako, da rana ta karkata kuma mu sauka mu jiƙa ƙafa mu kwanta kamar matattu. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mutanen ƙauyukan. Suna kwance gindin bishiya da hantsi, suna nuna mu da baki suna dariya. A rana ta huɗu na buga ƙararrawa biyu, na sauka na tambayi wata tsohuwa mai tsinkar zogale.

Ta ce, "'Yar nan, ina kuka dosa?"

Na ce yamma.

"Da safe? Ai ƙasarmu faifai ce, rana take bi. Da safe ta rinjaya gabas, bayan azahar ta rinjaya yamma. Dubi kwanon miyata." Na duba, ga miya ta taru a gefe guda. "Mai zuwa yamma barci yake yi har azahar. Mijin naki bai tambaya ba ne?"

Na ce mata ya fi ƙarfin tambaya. Daga ranar muka koma kwanciya gindin bishiya tare da 'yan gari, muna yi wa masu sammako dariya. Da azahar ta yi mu hau, mu ɗage ƙafa daga feda, ƙasa ta ɗauke mu. Gonakin dawa na wucewa, yara na ɗaga hannu, mayafina na tashi, ni da na haifi biyar ina ƙyalƙyala dariya kamar budurwa. Da muka tsaya Malam ya ce ya ji iska tana kuka a kunnensa, ya yi ta murna har yamma.

Daga nan sai Dajin Tsidau, inda ƙaya ke da ƙafa. In ta ji ƙanshin roba sai ta taso kamar tururuwa ta ga zuma. Malam ya yi faci har robar ciki ta zama faci ya fi roba yawa, rana ta uku sholisho ya ƙare. Tayoyi huɗu duk suka kwanta. Ruwan goranmu bai fi na yini ɗaya ba, rijiya kuma tana gaba da tafiyar kwana biyu a ƙafa. Malam ya zauna ya haɗa kai da gwiwa. Ni kuwa na kwance matashin kaina, na sa wuƙa na farke shi, na fara cusa audugar rimi a cikin taya. Ya ɗago ya kalle ni, ya tashi ya kawo sanda yana dannawa har tayoyin suka yi tauri. Ƙaya ta yi ta hawa tana suka, ba iskar da za ta fitar. Muka fita dajin tayoyinmu kamar bushiya. Bai ce na yi dabara ba, ni ma ban tuna masa maganar kishiya ba sai sau uku. Amma tun daga ranar, duk inda muka yada zango, babbar rigarsa yake naɗewa ya sa mini a ƙarƙashin kai.

Garin Raɗa ne ya kusa cinye mu. Gari ne a kan wani tudu mai faɗi, ba jaki, ba zakara, turamensu an naɗe su da tsumma. A ƙofa mai gadi ya raɗa wa Malam dokar garin a kunne, Malam ya gyaɗa kai kamar yadda ya saba in bai ji ba. Ni ina baya ina fama da zanena da sarƙar keke ta kama. Kafin in iso ya kai tsakiyar kasuwa, inda mutum ɗari ke ciniki ba ka jin komai sai kamar ganye na motsi. Ya gyara tsayuwa ya buɗe murya duka.

"Salamu alaikum jama'a! Ina ake sayar da fura a garin nan?"

Ƙasa ta girgiza. Tukwane suka gangara. Can gaban gari wani abu da na ɗauka dutse ne ya ɗago, ya buɗe ido ɗaya mai faɗin masussuka. Ashe garin gaba ɗaya a bayan wani kunkuru yake, wanda ya shekara ɗari biyu yana barci. Mai garin, wani siririn dattijo, ya kama hannuna ya raɗa mini cewa in kunkurun ya miƙe teku zai nufa, da gidajensu da gonakinsu. Ya ƙara da cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, don haka mu za a fara jefa masa ko ya lafa. Duk wannan cikin ladabi ya faɗe shi.

Malam ya ce, "Me yake cewa?" Ƙasa ta sake motsawa. Na toshe masa baki da tafin hannu, na nuna kunkurun, na kwantar da kaina a kan hannu alamar barci. Ya dubi idon nan. Sai ya ja kekensa ya yafuto ni, muka gangara ta wuyan dabbar har kusa da kunnenta. Ya kifa kekunan biyu ƙafafu sama, ya juya feda da hannu ya saki. Kun san ƙaramar ƙarar nan da ƙafar baya ke yi in an daina takawa, tik-tik-tik, a hankali kamar yayyafi a kan rufin kwano. Da ita ya riƙa sa 'ya'yanmu biyar barci a rumfarsa lokacin da nake fama da kaskon ƙosai. Muka yi ta juyawa, shi nasa ni nawa, daga hantsi har la'asar. Can na ga ya ɗora yatsa a jikin ƙarfen keken yana laluben motsin. Ya dube ni ya motsa leɓe ba murya, "Yana yi?" Sai a lokacin na gane shi ba ya jin ƙarar. Na gyaɗa masa kai, hawaye na zubo mini ina juya feda.

Idon ya yi ta lumshewa har ya rufe. Malam ya kafa musu ƙafar ko-ta-kwana a kan turke kusa da kunnen, ya nuna musu yadda ake juyawa. Suka ba mu zuma da furar da ya tambaya, suka raka mu har bayan gari, sa'an nan suka roƙe mu da raɗa kada mu biyo ta nan in za mu koma.

Birnin Amo kuwa kasuwarsa ta sauti ce. Suna ɗure shi a gora su toshe: ga ruwan farkon damina, ga dariyar jariri, ga kukan kurciya. Ka buɗe ka ji sau ɗaya, shi ke nan ya tashi. Muka sami Inna Marka a zaurenta tana cin goro, 'yar tsohuwa kamar a sa a aljihu. Ta leƙa kunnen Malam, ta zura gashin tsuntsu, ta hura, ta ƙwanƙwasa kansa kamar mai zaɓen kankana. Na yi mata bayani tana juya mini baya ba ta amsa ba, sai da ta waiwayo ta ce in maimaita tana kallon bakina. Ashe ita ma kurma ce.

Ta ce, "Da ƙura ce da na share. Da ƙwaro ne da na ciro. Wannan ƙarfe ne ya ci, abin da ƙarfe ya ci kuwa ba ya amayarwa. Ƙofar tana rufewa. Daga nan zuwa kaka mai zuwa za ta rufe ruf."

Raina ya ɓaci, na manta da girmanta. "Inna, wata uku muna hanya. Na farke matashin kaina, kunkuru ya kusa haɗiye mu. Ashe wurin wadda ta kasa gyara nata kunnen muka zo?"

Ta yi dariya har goro ya faɗo. "Faɗi duka, 'yata, bakinki na da kyaun kallo. Amma ki ji. Kunne rumbu ne. Nawa ya rufe shekara ashirin ke nan, har yau ina jin dakan uwata, ina jin tarin mijina in ya dawo daga masallaci, don na zuba su tun ƙofa na buɗe. Wanda ya san rani na zuwa ba ya zama yana zagin damina. Kada ku sayi na gora, ba ya zama. Ku je ku zuba masa na gaske." Ta ja ni gefe ta ƙara da cewa, "Abin da kunne ke saki daga ƙarshe sunan mai shi ne, don shi aka fara raɗa masa yana cikin tsumma."

Na yi kamar ban ji wannan ba. Na faɗa wa Malam sauran da ƙarfi a kunnensa na dama, wanda ya fi dama-dama. Ya gyara zaman malafarsa. Sa'an nan ya ce, "To, mu koma ta doguwar hanya, ta bakin kogi."

Haka muka juyo muna farautar sauti. Duk inda na ji wani abu sai in buga ƙararrawa biyu. Muka tsaya wurin masu gangar noma ya sa kai kusa da ganga har makaɗin ya ji kunya. Muka tsaya wurin 'yan mata masu lugude, da wurin da ruwa ke faɗowa daga dutse, da wata kasuwar jakuna da ni kam ban ga abin adanawa a cikinta ba. A wani ƙauye ya sa na soya ƙosai don kawai ya ji ƙullu na faɗawa cikin mai. Duk sautin da ya shiga kunnensa sai ya ce, "Na zuba." Wata rana muna cin rogo a gindin kuka ya ce, "Saura abu ɗaya, Tasalla." Na ce mene ne. Ya ce babu komai, ya ci gaba da ɓare rogonsa. Na san abin, shi ma ya san na sani. Na ce rogon nan bai dahu ba.

Ana haka ƙararrawa ta fara gagararsa. Sai na buga sau biyar kafin ya waiwayo.

Ranar da muka doshi Kogin Malale an kwana ana ruwa. Hanyar gangare ce miƙaƙƙiya har gada. Malam ya yi gaba, ya sunkuyar da kai, malafarsa ta rufe masa ido, yana jin daɗin gudu. Ni da ke baya a kan tudu na hango abin da bai gani ba: ruwa ya tafi da tsakiyar gadar, babu komai a wurin sai jan ruwa na tumbatsa. Na buga ƙararrawa biyu. Na buga har yatsana ya yi zafi. Na ce, "Malam!" Na ce, "Maigida!" Na kira Sarkin Faci, na kira kai wannan, ko gezau. Ƙafar kekensa ta gaba ta hau katakon farko.

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na cika ƙirjina da iska, na kira shi da sunan da uwarsa ta raɗa masa, da muryar da ban san ina da ita ba. Tsuntsaye suka tashi daga bishiyoyi.

Ya damƙe birki. Keken ya ja, ya ja, ya tsaya saura taki ɗaya. Malafar ce kawai ta wuce, ruwa ya tafi da ita. Ni kuwa garin ihu na manta da nawa birkin, na zo na dake shi ta gefe, muka zube a kan katako, ni da shi da tukunya da yaji. Wannan ce faɗuwa ta goma sha ɗaya, kuma na yarda tawa ce.

Ya tashi zaune, ko kogin bai kalla ba. "Me kika ce?"

"Na ce gada ta karye."

"Kafin wannan."

"Ban ce komai ba. Kunnenka ne."

"Kunnen da ba ya jin abin da aka faɗa, shi zai ji wanda ba a faɗa ba?"

Wasu masunta a bakin ruwa suna ta dariya, ni kuma kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ja mayafi na rufe fuska. Da na leƙo sai na ga idonsa ya cika. Ya ce, a hankali, karon farko cikin shekara biyu da ya yi magana a hankali, "Rabona da in ji shi haka tun ina yaro, in na daɗe a rafi uwata ta fito nemana."

Na dubi masuntan na harare su har suka juya baya. Na matsa kusa da kunnensa na dama, na sake faɗa, sau uku, yadda zai zauna da kyau. Ya lumshe ido kamar yadda yake yi in yana neman huji a roba. Ya ce, "Na zuba. A rufe."

Masuntan suka haye da mu a kwalekwale. Daga can har Zankaro kafaɗa da kafaɗa muka yi tafiya, mutanen ƙauyuka na kallo, ban damu ba. Kowace safiya kafin mu hau sai in duba hagu da dama, in ba kowa in ƙara masa ɗaya.

Ƙofar ta rufe da kaka, kamar yadda Inna Marka ta faɗa. Yau shekara uku ke nan. Yana nan a rumfarsa, kwanon ruwansa a gaba ba ɓoyo, yana kuma zuwa majalisa, in sun yi dariya ya yi tasa a lokacin da ya ga dama. Wani lokaci ina suya a ƙofar gida, bakina a rufe, sai in ga ya ɗago kai daga aiki ya juyo wajena ya ce, "Na'am?" Sai in yi masa alama da ludayi ya ci gaba da aikinsa, ya koma yana murmushi.

Ga kunnuwanku nan na mayar, Allah ya bar muku su. Na ga bakinku na motsi kuna son tambayar sunan. Ku yi haƙuri, rumbu ɗaya na zuba shi, kuma an rufe.